Biki Ya Watse, Wa Zai Kwashe Ledar?

Duk wanda ya ke son ya san abin da biki ya ci, kada ya tsaya ga lissafin uban amarya kaɗai. Ya yi sammako washegarin walima ya bi ta ƙofar gidan. Ni na yi haka a unguwarmu bara, abin da na gani kuwa shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ledar ruwa ta rufe lungu kamar an yi shanya, fararen robobin abinci sun cika kwata har ruwa ya daina gudu, ga awakin maƙwabta suna ta kiwo a ciki saboda ɗan maiƙon da ya rage. Ledar da akuya ta haɗiye ba ta narkewa, sai ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa har a yanka ta a kan hasara. Mahauta sun san wannan, don su ne su ke cirowa. Kwatar da ta toshe kuwa gidan sauro ce da rani, da damina ta juyo da ruwa gindin katanga.

Saboda haka da ƙanena ya sa ranar 'yarsa, aka ce ni ne waliyyi, sai na roƙi arziki a bar ni in sa baki cikin shirin. Na fara da lissafi, tun da ya ke shi ne abin da malami ya iya. A ce mutum 500 za su zo, kowa ya sha leda biyu. Leda 1,000 ke nan, watau jaka 50, domin kowace jaka guda 20 ce. Ruwan da ke ciki duka lita 500 ne, bai fi duro biyu da rabi ba. Ashe saboda ruwan da randuna kaɗan za su ɗauke a ke zubar da leda dubu a ƙofar gida, ban da ta abinci da ta goro da ta alewa.

Iyayenmu sun yi bukukuwan da suka fi namu jama'a, ba su bar wannan ɓarna ba. Tuwo a akushi ya ke zuwa an rufe da faifai, fura a ƙwarya da ludayi, ruwa a randa da moɗa, goro a ganye, zama a tabarma. Mata su kan bi gida gida su aro fanteka da tukwane, in an gama a wanke a mayar. Abin da ya fashe ya koma ƙasa, abin da ya rage na abinci almajirai da maƙwabta su ɗauka, ko ƙanzo ba a zubarwa.

Da na faɗi haka, uwar amarya ta dube ni ta ce, "Yaya, so ka ke a ce mun shayar da baƙi ruwan da ba su san asalinsa ba? Gorin a kaina zai ƙare, ba a kanka ba." Maganarta tana kan hanya. Mutane ba don ƙawa suka rungumi ruwan leda ba, tsoron amai da gudawa ne ya kai su. Sai muka shirya a kan manyan gorunan ruwan nan da a ke mayar wa kamfani a sake cikawa, da kofunan silba na aro, aka sa 'yan mata uku wanki da sabulu da ruwan zafi. Abinci kuma a faranti, mutum huɗu ko biyar kowane ɗaya, yadda aka saba. A nan na gane cewa namijin da ya zauna a zaure ya yanke dokar biki bai shawarci cikin gida ba, dokarsa a zaure za ta kwana.

Sai batun itace. Girkin biki a kan duwatsu uku a ke yinsa a fili, iska tana kwashe yawancin zafin ta gefen tukunya, shi ya sa a ke ta cusa guma-gumai. Kowace mota ta itace da ta shigo gari, wani daji ne ya ragu, kuma waɗanda suka ga farin 1973 ba sai an yi musu bayanin ƙasar da ta rasa inuwa ba. Mu ba mu iya barin itace gaba ɗaya ba, amma mun kewaye murhu da jan laka har wuyan tukunya, aka bar ƙofa ɗaya, miya kuma aka yi ta a kan gas. Kusan rabin itacen da aka saya ya kwana. Tokar ma ba a zubar ba, tsofaffi sun tace ruwan toka, saura aka kai gona.

Inda muka daɗe muna ja-in-ja shi ne kayan rabo. Yanzu an mai da shi tilas a raba 'yan robobi masu hoton ango da amarya, waɗanda ba su kai wata uku sun tsage. Na kawo shawara a ba kowane gida dashen itace: mangwaro, ko zogale, ko darbejiya. Ita darbejiyar nan da mu ke gani kamar tamu ce tun fil azal, asalinta Indiya, wajen 1928 aka fara dasa ta a lardin Barno, hannun mutane ne ya kai ta kowane gari. Amma a lura da lokaci. Yawancin bukukuwanmu da kaka a ke yi, ko gab da azumi, wanda sau da yawa ba ya dacewa da damina. Dashen da aka ba mutum da rani ba a ba shi ƙaya ko kwandon da zai kare shi daga akuya ba, an ba shi wahala ne kawai. Mu sai muka rubuta sunayen gidaje, muka jira ruwa ya zauna sa'an nan aka kai musu.

Wasu ƙasashe sun bi ta hanyar doka. Ruwanda ta hana leda a 2008, Jamhuriyar Nijar ta kafa tata dokar a 2014, Kenya a 2017, Jihar Legas kuma ta hana fararen robobin abinci a farkon 2024. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, duba-gari kan shiga har cikin gida ya leƙa randa, mai gida yana rawar jiki. Amma ko a lokacin ban ji an ce duba-gari ya tsara wa wani bikin 'yarsa ba. Wannan aiki na waliyyai ne da iyaye mata, musamman ku malaman makaranta da ma'aikatan ofis, da ya ke bikin gidajenku shi jama'a su ke kwaikwayo.

Abu guda ne aka ka da ni a kansa, watau anko. Na ce tufar da za a ɗinka don yini ɗaya a jefa ƙasan akwati almubazzaranci ne. Mata suka ce kala huɗu aka saba, sun rage zuwa ɗaya, kada in ƙara magana. Ban ƙara ba.

Washegarin walima na sake yin sammako. Yara biyu da tsintsiya suka share ƙofar gidan kafin hantsi, sharar ba ta cika kwando biyu ba. Cikin dashe 40 da muka kai, 27 suna raye, sauran akuya ta riga mu.