An ƙidaya ƙuri'u, saura a ƙidaya mata

A farkon 2021 ko'ina aka zauna zance ɗaya ne: zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, ranar 21 ga Fabrairu, tsakanin Bazoum Mohamed da Mahamane Ousmane. Rediyo shi take yi, masu shayi shi suke yi, har a bakin rijiya ba a bar shi ba. To amma akwai zaɓen da muka riga muka yi tun ranar Lahadi 13 ga Disamba 2020, na ƙananan hukumomi da na majalisun jihohi, wanda ƙurar babban zaɓe ta rufe shi tun kafin tawada ta fita daga yatsunmu. Mako biyu kacal aka yi tsakaninsa da zaɓen 27 ga Disamba. Shi ya sa da yawa daga cikinmu mun jefa ƙuri'a, mun ji an ce jam'iyya kaza ta ci, amma har lokacin ba mu san sunan mutanen da za su zauna a majalisar garinmu ba.

Ga abin da hukumar zaɓe ta CENI ta fitar a dunƙule. Cikin kujerun kansiloli sama da 4,000 na faɗin ƙasa, PNDS Tarayya ce ta zo ta ɗaya da rata mai yawa, ko da yake ba ta kai rabin kujerun ba. A birnin Yamai, inda majalisar birni ke da kujera 45, Moden Fa Lumana ce a gaba. A Damagaram RDR Canji ta nuna ƙarfinta, Tawa kuma ta tsaya inda aka san ta. Sauran kujerun sun rarrabu tsakanin MNSD Nasara, MPR Jamhuriya da tarin ƙananan jam'iyyu. Wannan shi ne sakamakon da ƴan siyasa ke karantawa, don su auna wa ke da jama'a. Mu namu sakamakon yana wani wuri daban, kuma a lokacin bai gama fitowa ba.

Mu fara tunawa da irin jiran da aka yi. Zaɓen ƙananan hukumomi na farko a wannan tsari an yi shi a watan Yuli 2004, na biyu a Janairu 2011. A lokacin wa'adin kansila shekara 5 ne, ke nan a 2016 ya kamata a sake. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa, har aka kusa cika shekara 10. Yarinyar da take aji ɗaya lokacin da aka zaɓi tsoffin kansiloli, kafin sabon zaɓen wata har an kai ta ɗaki. A tsakanin nan an tsige magadan gari da dama, wasu garuruwan aka naɗa musu kantoma. Yamai kanta daga 2017 zuwa 2021 naɗaɗɗu ne suka riƙe ta. Kantoma kuwa wanda ya naɗa shi yake kallo, ba mai tallan ƙosai da ake karɓar tikiti hannunta kowace ranar kasuwa ba. Don haka wannan zaɓe ba ƙaramin abu ba ne. An yi shi da sabon katin zaɓe mai hoto da zanen yatsa, mutum sama da miliyan 7 ke cikin kundi. An kuma yi shi cikin alhini, don daren jajibirinsa aka kai wa mutanen Tumur hari a jihar Difa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Abin da ya sa muka ce a ƙidaya mata shi ne doka. A shekarar 2000 aka kafa dokar kaso, wadda ta ce cikin zaɓaɓɓu kada wani jinsi, maza ko mata, ya gaza kashi 10 cikin 100. A 2014 aka kai shi kashi 15. A ƙarshen 2019 aka kai shi kashi 25 a muƙaman zaɓe, kashi 30 a muƙaman naɗi. Zaɓen 13 ga Disamba shi ne na farko da aka yi ƙarƙashin wannan sabon kaso. A taƙaice, cikin kowane mutum huɗu da suka ci, ɗaya ta kamata ta zama mace.

Lissafin ba shi da wuya ga wadda ta saba raba kuɗin asusu. A tsarin wancan lokaci, majalisar ƙaramar hukuma tana farawa daga kansila 11, tana ƙaruwa da yawan jama'a har 25. Rubu'in 11 ya kusa 3. Rubu'in 25 ya haura 6. Sai dai a nan ne gizo ke saƙar. Ba mutum muka zaɓa ba, jam'iyya muka dangwala wa. Ana raba kujeru ga jam'iyyu gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu, sannan a ga sunayen da za su hau kujerun daga cikin jerin ƴan takararta. Kason mata kuma a kan abin da kowace jam'iyya ta samu ake duba shi. Ku ɗauki misali: gari mai kujera 11, jam'iyya ɗaya ta samu 4, wata 2, sauran biyar kowace ta samu ɗaya-ɗaya. Mai kujera 4 babu makawa ta ba mace ɗaya. Mai kujera ɗaya fa? Ba a yanka kujera gida huɗu. Wanda ya kafa jam'iyyar a garin, ko wanda ya zuba kuɗinsa a kamfe, shi zai zauna, kuma kusan kullum namiji ne. Sai a wayi gari majalisa mai mutum 11 mace ɗaya ce a ciki, kuma kowa ya ce bai taka doka ba. Garin da ƙuri'a ta warwatse da yawa, mata ne ke biyan kuɗin warwatsewar.

Akwai kuma wata dabara da ba ta buƙatar lissafi. A lokacin kowane kansila yana da madadi, wanda ake ce wa sufleyan, mai hawa kujerar idan mai ita ya rasu ko ya ajiye. Idan aka sa sunan mace don cika sharaɗi, madadinta namiji, abin da ya rage kawai shi ne a lallashe ta ta rubuta takardar murabus bayan an rantsar. A ce mata zaman majalisa wahala ne, a ce maigida ba zai so ba, a ce ai ɗan uwanki ne zai zauna, duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Idan kuna da ƴar ƙungiya ko maƙwabciya da sunanta ya fito, ku je ku yi mata barka tun yanzu, ku yi da yawa, ku yi a bainar jama'a. Wadda gari duka ya san ta ci, ba a karɓe mata kujera a cikin zaure da dare.

Inda za a ga sunayen ba ɓoyayye ba ne. Sakamakon da CENI ta bayar na wucin gadi ne. A lokacin manyan kotunan jiha ne ke tabbatar da sakamakon zaɓen ƙananan hukumomi, wanda bai gamsu ba kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Ƙasa mai shari'ar hukuma, wato Conseil d'État. Bayan haka ake kiran zaman farko. Sakatariyar ƙungiya ko wata mai karatu ta je ma'aikatar magajin gari ta tambayi jerin sunayen, ta kwafo a littafi. Ba alfarma ba ce.

A zaman farkon nan ne ake yin zaɓen da ya fi kowane tasiri a rayuwarmu, kuma mu ba mu da ƙuri'a a cikinsa. A wancan tsari kansiloli ne ke zaɓen magajin gari da mataimakinsa, ɗaya ko biyu, daga cikinsu, a asirce. Shi ya sa jam'iyyar da ta zo ta ɗaya a gari tana iya rasa kujerar magajin gari idan sauran suka haɗa kai. Makonnin farkon 2021 su ne na ciniki: ka ba ni magajin gari a nan, in ba ka mataimaki a can. Zagaye na biyu ma ya shigo cikin cinikin, don ƙawancen da ake ƙullawa a Yamai yana saukowa har ƙauye. A majalisa mai mutum 11, ƙuri'a 6 ke naɗa magajin gari. Mace biyu ko uku da suka yi magana da baki ɗaya suna iya zama su ne ma'auni. Ra'ayinmu a nan a fili yake: kada kansila mace ta sayar da ƙuri'ar nan da turmin atamfa ko kujerar Makka ta baki. Ta nemi abin da zai zauna, kujerar mataimakiyar magajin gari, ko shugabancin kwamiti.

Kwamitin ma a duba wane ne. An saba tura mata kwamitin jin daɗin jama'a, wai su ne suka san yara da marasa lafiya. Ba laifi. Amma kuɗi a kwamitin kuɗi suke. Matar da ta yi shekara da shekaru tana riƙe da akwatin ƙungiya mai makulli uku, tana bin bashi da ruwansa mako-mako ba a taɓa samun ta da gibin dala ba, ba za a ce mata ba ta san lissafi ba. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da muke koya ke nan, kuma tun zaɓen 2004 ake samun ƴan ƙungiyoyinmu a cikin majalisu. Inda ake kayar da mu shi ne takarda. Dokar lokacin na neman mai son zama magajin gari ya nuna shaidar karatun boko, takardun majalisa kuma da Faransanci suke zuwa. Wannan shi ne ladan cire ƴaƴa mata daga lakwal da ake girba bayan shekara ashirin. Amma zama kansila da tofa albarkacin baki a zaure, da Hausa ko Zabarmanci ko Tamajak, wannan babu mai hana shi.

Wata za ta ce, to me magajin gari ke yi mana da za mu damu? Ku duba jakarku. Takardar haihuwar yaronku, wadda ba ya zana jarrabawa sai da ita, a lokacin daga hannunsa take fitowa. Tikitin kasuwa da lanho can suke shiga. Takardar shaidar ƙungiyarmu, wadda banki da masu ba da tallafi ke tambaya kafin su saurare mu, can muke nema. Rumfunan kasuwa, wa za a ba, wa za a tasa, can ne. Filin lambun da mai gari ya ara wa ƙungiya, muka haƙa rijiya muka kewaye, idan ba a rubuta shi a hukumar filaye ta ƙaramar hukuma ba, ranar da magada suka waiwayo sai mu kwashe bokitinmu. A lokacin magajin gari kuwa shi ke shugabantar wannan hukuma. Tun 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi ayyuka a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Gaskiya ne an miƙo aikin fiye da yadda aka miƙo kuɗin, kuma yawancin ma'aikatun nan albashin ma'aikata ma da ƙyar suke biya. Amma ɗan abin da ke akwai, a lokacin majalisa ce ke cewa fanfon wane ƙauye za a gyara a shekara, wane aji na zana za a mayar na siminti.

A wancan tsari majalisa tana zama sau huɗu a shekara, ban da zaman gaggawa, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa. Masu kallo ba sa magana, amma suna zama su ji. Sarakuna ma suna ciki, ana jin shawararsu, ba sa jefa ƙuri'a. Zaman ƙarshen shekara shi ne na kasafin kuɗi. Sabbin majalisun 2021 kuma da yawansu an sa ran za su sake rubuta tsarin raya gari na shekara 5, wanda ake ce wa PDC, kuma abin da bai shiga cikinsa ba da wuya mai ba da tallafi ya kalle shi. Injin niƙa, ɗakin haihuwa, bankin cimaka, lokacin shigar da su ke nan, sa'ad da ake zagayawa ƙauyuka ana tambaya, ba bayan an ɗaure littafi ba.

A lokacin kansila ba ta da albashi. Ɗan kuɗin zama ake ba ta, shi ma ba kullum yake zuwa a kan kari ba. Wadda ƙauyenta ke da nisa da hedkwatar gari, kuɗin kabu-kabu ya ishe ta dalilin fashin zama, ga girki, ga yara. Ƙungiyar da ke son a ji muryarta sai ta yi tunanin wannan: wa zai riƙe mata gida ranar zama, wa zai raka ta. In kuma ana so a taimaka da kuɗin mota, a fitar da shi daga asusun taimako, da yardar kowa, a rubuce.

Sai magana mai ɗaci. Kamfe ya ci kuɗi, kuma mun san akwai waɗanda suka ɗauki bashin asusu don shi, wasu don kansu, wasu don mazajensu. Wadda ta ci da wadda ta faɗi, bashin yana nan yadda yake, da ruwansa, da ranarsa. Kujerar kansila ba ta yafe shi, faɗuwa ma ba ta yafe shi, sai dai a sassauta lokaci idan ƙungiya ta ga dama. Haka kuma a lokacin a tabarma ɗaya akwai ƴar Tarayya, akwai ƴar Canji, akwai ƴar Lumana da ƴar Nasara. Waɗanda za su zo da sabulu da gishiri da sunan ƙungiya, a ce musu ƙungiya ba ta da ƙuri'a, kowace mace da tata. Akwati bai san launin jam'iyya ba, kada a koya masa.

Muna roƙon kowace ƙungiya, daga Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso har Yamai, ta aiko mana da abu uku ta hannun mai kula da yankinta: kujera nawa ne a majalisar garinku a zaɓen 2020, mata nawa suka samu, kuma nawa ne daga cikinsu ƴan asusu. Ku ƙara da ko an samu mace a magajin gari ko mataimaki. Za mu jera su gari-gari a fitowa ta gaba, tare da garuruwan da lissafin bai kai rubu'i ba.