Na'urorin Lura a Gidajen Tsofaffi: Nazari a kan Abin da Ingila da Japan Suka Koya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan na'urorin da ake girkawa a cikin gida domin su taimaki tsoho ya ci gaba da zama a ɗakinsa, yana tafiyar da al'amuransa da kansa, ba tare da an kwashe shi an kai shi gidan renon tsofaffi ba. Za a duba yadda waɗannan na'urori suke aiki, da abin da gwaje-gwaje suka nuna game da amfaninsu, sa'an nan a kawo misalai daga ƙasashe biyu da suka daɗe suna amfani da su, watau Ingila da Japan. A cikin takardar za a riƙa kiran gidan da aka yi wa irin wannan shiri "gida mai lura", domin lura ita ce ainihin aikin da na'urorin suke yi.

Dalilin da ya sa batun ya zama abin nazari shi ne ƙaruwar tsofaffi a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 akwai mutane biliyan 1 masu shekara 60 zuwa sama, kuma za su kai biliyan 2.1 a shekarar 2050. A Japan, masu shekara 65 zuwa sama sun kai kashi 29 cikin ɗari na jama'ar ƙasar a shekarar 2023. Da yawa daga cikinsu su kaɗai suke zaune, kuma sun fi son haka a kan su ɗora wa wani nauyinsu. Da ma Bahaushe ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

2.0 Matsalar da Ake Son Magancewa

Babban haɗarin da ke fuskantar tsohon da ke zaune shi kaɗai shi ne faɗuwa. Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, tsakanin kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama sukan faɗi a kowace shekara. Sai dai ya kamata a lura cewa sau da yawa daɗewa a ƙasa ya fi faɗuwar kanta illa. Wanda ya kwanta a daɓe na sa'o'i masu yawa ba mai tashinsa, ƙishirwa da sanyi za su kama shi, naman jikinsa da ya danne zai lalace har abin ya taɓa ƙoda, kuma yana iya kamuwa da ciwon huhu. Saboda haka likitoci suke ɗaukar kwanciyar da ta kai sa'a ɗaya a matsayin haɗari mai zaman kansa.

Daga nan za a fahimci cewa abin da gida mai lura yake ƙoƙarin ragewa shi ne tazarar da ke tsakanin aukuwar abu da zuwan taimako. Wannan aiki kuwa ya kasu gida uku. Na farko, a gane cewa wani abu ya faru. Na biyu, a isar da labari. Na uku, wani mutum ya taso ya zo. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya yanke, sauran biyun sun tashi a banza.

3.0 Ire-iren Na'urorin

3.1 Maɓallin neman taimako

Wannan shi ne mafi daɗewa. A Ingila an kafa kamfanin Tunstall a shekarar 1957, wanda ya yi fice wajen haɗa ɗakunan tsofaffi da ɗakin mai kula da su ta hanyar ƙararrawa. A Amurka kuwa, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Andrew Dibner ya kafa kamfanin Lifeline a shekarar 1974. Tsarin ba shi da wuya. Tsoho yakan rataya ɗan maɓalli a wuya kamar laya, ko ya ɗaura shi a hannu kamar agogo. In ya latsa, sai maɓallin ya aika da alama zuwa ga wani akwati da ke haɗe da wayar tarho ta gidan, akwatin kuma ya kira wata cibiya da ke aiki dare da rana. Ma'aikacin cibiyar zai yi magana da tsohon ta lasifikar akwatin, sa'an nan ya kira maƙwabci ko ɗan'uwa ko motar asibiti.

3.2 Na'urorin da ke kira da kansu

Rukuni na biyu ba ya jiran tsoho ya latsa komai. Akwai na'urar da ke jin hayaƙi, da mai jin yoyon gas, da mai jin ambaliyar ruwa a banɗaki. Akwai shimfiɗar da ake sawa ƙarƙashin katifa, wadda in tsoho ya tashi cikin dare bai dawo ba har lokacin da aka ƙayyade ya wuce, sai ta yi kira. Har ila yau akwai na'urar gane faɗuwa, wadda ke auna saurin motsin jiki da bugun da ya yi da ƙasa. Alal misali, agogon Apple Watch da aka fitar a shekarar 2018 yana da wannan dabara: in ya ji faɗuwa mai tsanani, kuma mai shi bai motsa ba na kimanin minti ɗaya, sai ya fara ƙidaya, daga nan ya kira lambar agaji.

3.3 Na'urorin da ke nazarin al'ada

Rukuni na uku ya dogara ne a kan cewa kowane mutum yana da al'adarsa ta yau da kullum. Akan liƙa ƙananan na'urori a bango, waɗanda ke jin gilmawar zafin jikin mutum, da wasu a jikin ƙofa da firji. Kwamfuta takan tara wannan bayani na 'yan makwanni har ta san lokacin da mai gidan yake tashi, da sau nawa yake shiga banɗaki ko madafa. In al'adar ta sauya, misali shiga banɗaki cikin dare ya yawaita, ko aka yini ba a buɗe firji ba, sai a sanar da iyali ko ma'aikatan jinya. Manufa a nan ita ce a tari ciwo tun yana ƙarami. Daɗin daɗawa, akwai lasifikar da ke amsa umarnin baki, irin Amazon Echo da ta fito a shekarar 2014, wadda mai raunin gani ko mai ciwon gwiwa zai iya sa ta kunna fitila ko ta tuna masa lokacin shan magani.

4.0 Abin da Gwaje-gwaje Suka Nuna a Ingila

A nan ne ya kamata manazarci ya yi hattara, domin abin da masu sayar da kaya suke faɗi ya sha bamban da abin da bincike ya tabbatar.

A shekarar 2008 aka wallafa sakamakon wani bincike da aka yi a birnin Kambirij, inda aka bi diddigin tsofaffi 110 masu shekara sama da 90 har tsawon shekara guda. An tarar cewa maɓallin neman taimako ya wadata a gidajensu, amma a mafi yawan faɗuwar da ta kai ga daɗewa a ƙasa ba a yi amfani da shi ba. Wasu ba sa sanye da shi a lokacin, wasu sun kasa latsawa, wasu kuwa da gangan suka ƙi, domin suna son su tashi da kansu, ko suna tsoron kada a kai su asibiti. Ashe ke nan son dogaro da kai, wanda domin sa aka ƙera na'urar, shi ne kuma yakan hana a yi amfani da ita.

A wannan shekara ta 2008 ne kuma Ma'aikatar Lafiya ta Ingila ta fara wani babban gwaji a yankunan Kent da Cornwall da Newham. Sashen da ya shafi na'urorin lura ya ƙunshi mutane kimanin 2,600, waɗanda aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka girka wa kashi ɗaya na'urorin, ɗaya kashin kuma aka bar shi da kulawar da aka saba. Sakamakon da ya fito a shekarar 2013 bai nuna wani bambanci na a-zo-a-gani ba tsakanin ɓangarorin biyu wajen kwanciya asibiti ko shiga gidan renon tsofaffi a cikin wata 12. Haka kuma gwajin da ake kira ATTILA, wanda ya shafi mutane 495 masu gigin tsufa, aka kuma wallafa shi a shekarar 2021, bai nuna cewa na'urorin sun tsawaita zaman mutum a gidansa ba.

Wannan ba ya nufin cewa na'urorin ba su da amfani ga kowa. Abin da yake nunawa shi ne girka na'ura kaɗai bai isa ya sauya makomar tsoho ba, sai an zaɓe ta daidai da bukatarsa, ya kuma yarda da ita, an kuma shirya abin da zai biyo bayan kiranta.

Akwai kuma darasi game da isar da labari. Tsohuwar wayar tarho ta jan ƙarfe tana samun wutarta ne daga ofishin waya, saboda haka tana aiki ko da an ɗauke wuta a gida. Sabuwar wayar da ke bi ta intanet kuwa da wutar gidan ta dogara. Da kamfanonin Birtaniya suka fara mayar da jama'a kan sabon tsari, sai aka tarar cewa wasu tsofaffin akwatunan ba sa aiki da shi yadda ya kamata, alhali mutanen da ke dogara da irin waɗannan na'urori a ƙasar sun doshi miliyan 2. A watan Disamba na 2023 kamfanonin suka sa hannu a kan yarjejeniyar dakatar da sauya wa irin waɗannan mutane layi bisa tilas, kuma a shekarar 2024 kamfanin BT ya ɗage ranar rufe tsohon layin daga ƙarshen 2025 zuwa Janairun 2027.

5.0 Misalin Japan

Matsalar da ta fi damun Japan ita ce mutum ya rasu a ɗakinsa a daɗe ba a sani ba. Hukumar 'yan sandan ƙasar ta bayyana cewa a shekarar 2024 mutane sama da dubu 76 masu zaman kaɗaici aka samu sun rasu a gida, kimanin dubu 58 daga cikinsu masu shekara 65 zuwa sama ne.

Ɗaya daga cikin dabarun da suka fi jan hankali ita ce ta kamfanin Zojirushi, wanda a shekarar 2001 ya fitar da wata butar lantarki ta dafa ruwan shayi mai suna i-Pot. Duk lokacin da tsoho ya kunna ta ko ya tsiyayi ruwa, butar takan adana lokacin, sa'an nan a aika wa 'ya'yansa saƙo a sa'o'in da aka ƙayyade kowace rana. Tana da maɓallin da zai latsa in zai fita, domin kada shirun ya tayar da hankali. Hikimar wannan buta tana cikin abu biyu. Ba ta neman tsoho ya koyi wani sabon abu, tun da shan shayi al'adarsa ce tun fil azal. Kuma ba ta ɗaukar hoto ko murya, saboda haka sirrinsa yana nan a rufe. Aikinta ya yi kama da na gaisuwar safe a gidajenmu, inda rashin jin motsin tsohuwa bayan asuba kan sa a aiki yaro ya leƙa ɗakinta.

Duk da haka, Japan ba ta bar aikin ga na'ura kaɗai ba. Tun shekarar 1972 matan da ke kai abin shan Yakult gida gida suke ziyartar tsofaffi masu zaman kaɗaici, su duba lafiyarsu, su taɓa hira da su. A shekarar 2000 kuma ƙasar ta fara aiki da inshorar kula da tsofaffi, wadda ke ɗaukar mafi yawan kuɗin ma'aikatan da ke zuwa gida.

6.0 Sirri da Mutunci

Na'urar da ta san sau nawa mutum ya shiga banɗaki ta san abin da bai faɗa wa 'ya'yansa ba. Saboda haka tilas a yi tambaya uku kafin a girka ta: wa ya ba da izini, wa zai ga bayanin, kuma ina ake ajiye shi? Sau da yawa 'ya'ya ne suke saye domin hankalinsu ya kwanta, tsohon kuma ya ga an mayar da shi yaro, sai ya cire maɓallin ya jefa a aljihun tebur. Lamarin ya fi tsanani ga mai gigin tsufa, wanda ba lalle ne ya fahimci abin da aka ce ya amince da shi ba. Akwai kuma tsoron kada saƙon da ke cewa "lafiya lau" ya zama hujjar rage ziyara, alhali kaɗaici shi kansa ciwo ne.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda an nuna cewa aikin gida mai lura ya kasu gida uku, kuma ci gaban da aka samu daga 1957 zuwa yau ya fi ƙarfi ne a kashi na farko, watau gane aukuwar abu. Kashi na biyu ya rataya a kan wutar lantarki da layin sadarwa, kamar yadda abin da ya faru a Birtaniya ya nuna. Kashi na uku kuwa har gobe aikin mutum ne, domin maɓalli ko agogo ba zai ɗaga wanda ya faɗi ba.

Ga manazartanmu, musamman ganin yadda neman abinci yake raba 'ya'ya da iyayensu zuwa birane da ƙasashen waje, shawarar ita ce a fara lissafi daga ƙarshe. A fara sanin wanda zai amsa kira, da nisansa da gidan, da ko yana riƙe da mabuɗi. Daga nan a duba ko na'urar za ta ci gaba da aiki da batir in wuta ta ɗauke. Bayan haka ne za a zaɓi na'urar, tare da shawarar tsohon da za a girka wa ita, a kuma fifita wadda ta dace da al'adar da ya riga ya saba da ita.