Birki Da Sitiyari A Hannun Kwamfuta

Galibin masu sayen mota inji da fenti da kujeru su ne abin dubawarsu, ba safai akan sami mai durƙusawa ya leƙa ƙarƙashi ba. Alhali kuwa a can ne rayukan fasinja suke. Wannan sashe da makanikai ke kira casis, watau ƙashin mota da dukan abin da ke rataye a jikinsa, ya ƙunshi birki da sitiyari da sifirin da shokazoba da tayoyi. Inji ke ba mota gudu, waɗannan kuwa su ke tsai da ita, su karkata ta, su riƙe ta bisa hanya.

A zamanin Peugeot 504, wadda aka shekara da shekaru ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe cikin 1975, kowane ɗaya daga cikin sassan nan zaman kansa yake yi. Direba ya taka, man birki ya bi ta bututu ya matse ƙafafun mota, shi ke nan. In an tsira gwanintarsa ce, in an faɗa rami laifinsa ne. A motocin yanzu kuwa akwai kwamfuta zaune tsakanin ƙafar direba da taya, kuma takan yanke shawara tun direba bai gama firgita ba.

Asalin al'amarin wata tsohuwar matsala ce. Tayar da ke juyawa ita kaɗai ke jin umurnin sitiyari. Sa'ad da direba ya danne birki da ƙarfi har ƙafafun gaba suka kulle, mota sai ta zama kamar faranti bisa santsi, ko ina ya murɗa sitiyari gaba za ta miƙe. Saboda haka ne tsofaffin direbobi ke koya wa yaransu su riƙa takawa suna saki. Masu jiragen sama ne suka fara neman maganin abin, domin jirgin da tayarsa ta kulle wajen sauka tana iya fashewa. Kamfanin Dunlop na Ingila ya ƙera musu na'urar Maxaret cikin shekarun 1950, har aka sa ta a wata motar Ingila mai suna Jensen FF cikin 1966. Amma birkin da ya bazu a duniya, wanda aka sani da ABS, shi ne wanda kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus suka fitar cikin 1978.

Ga yadda yake aiki. A gindin kowace ƙafa akwai zobe mai haƙora, ko mai maganaɗisu, da wata 'yar na'ura da ke ƙidaya wucewarsu tana aika wa kwamfuta. Da zarar kwamfutar ta ga gudun wata ƙafa ya faɗi farat ɗaya fiye da na 'yan'uwanta, ta san tana shirin kullewa, sai ta buɗe bawul ta rage matsin mai a kan wannan ƙafar kaɗai, sa'an nan ta mayar. Tana iya yin haka fiye da sau goma cikin daƙiƙa guda, abin da ƙafar ɗan Adam ba za ta taɓa iyawa ba. A lokacin nan direba zai ji birkin yana rawa ƙarƙashin ƙafarsa da wata ƙara kamar ana niƙa. Da yawa sukan tsorata su ɗaga ƙafa, suna zaton wani abu ya karye. Wannan kuskure ne babba: abin da ake so shi ne ya ci gaba da dannewa, ya kuma kauce wa abin da ke gabansa da sitiyari. Sai dai a kan yashi ko tsakuwa motar mai ABS takan fi nisa kafin ta tsaya, domin tayar da ta kulle tana tara ƙasa a gabanta ta tokare ta. Mai bin hanyar burji lalle ya san da wannan.

Da aka ga kwamfuta na iya sarrafa kowace ƙafa daban, sai injiniyoyi suka zarce gaba. Cikin 1995 kamfanonin nan biyu suka fito da na'urar hana sulɓewa, wadda Jamusawa suka sa wa suna ESP, wasu kuma ke kira ESC. An ƙara na'ura ɗaya a sandar sitiyari mai faɗin inda direba yake nufi, da wata a tsakiyar mota mai auna yadda motar take juyawa a zahiri. Idan biyun suka saɓa, kwamfuta sai ta kama birkin ƙafa ɗaya tak ba tare da direba ya taka komai ba, ta kuma rage ƙarfin inji. In bayan mota ne ya nemi wucewa gaba a kwana, sai ta kama ƙafar gaba ta waje. In kuwa kan motar ne ya ƙi shiga kwanar, sai ta kama ƙafar baya ta ciki. Duk wanda ya taɓa ganin mai kwalekwale ya tsoma filafili gefe guda don ya juya jirginsa ya riga ya fahimci dabarar.

Da farko manyan motoci masu tsada kaɗai ke da ita. Abin da ya sauko da ita ga talaka abin kunya ne da ya sami Mercedes. Cikin watan Oktoba na 1997 ma'aikatan wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin suka gwada sabuwar ƙaramar motarsa, A-Class, da gwajin kauce wa dabba: a murɗa sitiyari da sauri a bar layi a dawo, kamar yadda direba zai yi in ƙatuwar barewar dajinsu ta faɗo titi, ko saniya a hanyar Kano zuwa Katsina. Ana gudun kilomita 60 kacal motar ta wuntsila. Kamfanin ya dakatar da sayar da ita kusan wata uku, ya gyara sifirin da tayoyi, ya sa wa kowacce ESP. Abokan gasa ba su da zaɓi sai bi. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna na'urar tana rage kusan rabin haɗurran da mota ɗaya ke yi ita kaɗai har a rasa rai, kuma ƙasar ta wajabta ta ga sababbin ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma ga dukan sababbi daga Nuwamba 2014.

Sauran sassan ma sun shiga hannu. Sitiyarin da a da famfon mai ke sauƙaƙa shi yanzu injin lantarki ke taimaka masa, kuma akwai shokazoba mai tauri ko laushi bisa umurnin kwamfuta. Dukansu suna zance da juna ta wayoyi biyu kacal, bisa tsarin CAN da Bosch ya bayyana cikin 1986. Ma'anar wannan ita ce lalacewar 'yar na'ura ɗaya a ƙafa tana iya kashe ABS da ESP gaba ɗaya.

A nan ne maganar ta shafi ma'aikacin da ya tara albashinsa ya sayi 'yar Kwatano. Yawancin motocin da aka ƙera don Turai da Amurka bayan shekarun nan suna zuwa da na'urorin a jikinsu. Idan aka kunna mota, fitilar ABS mai ruwan ɗorawa a allon gaban direba ta kamata ta kama na 'yan daƙiƙoƙi, sa'an nan ta mutu. In ta ci gaba da ci, na'urar ta daina aiki, ko da yake birkin gargajiya yana nan. In kuwa ba ta kama ba sam, mai saye ya yi tambaya, domin cire ƙwan fitila ya fi gyara araha, kuma ba kowane dillali ne ke tsoron Allah ba.

Har wa yau, kwamfuta ba ta ƙirƙirar riƙo, wanda taya ta ba ta shi take rabawa. Inda kowace taya ke taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba. Taya mai sanƙo, ko shokazoba da ta mutu har ƙafa na tsalle bisa gargada, ba su bar wa na'ura abin da za ta yi aiki da shi ba. Sa tayoyi masu girma dabam-dabam kuma yana rikita lissafinta, tun da gudun ƙafafu take kwatantawa. Man birki shi ma yana shan danshi daga iska har ya riƙa tafasa da wuri, shi ya sa yawancin kamfanoni ke cewa a sake shi kamar bayan shekara biyu. Shekarun taya kuwa a rubuce suke a gefenta, cikin lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wadda aka rubuta wa 2316, an ƙera ta ne a mako na 23 na shekarar 2016, kome ƙyallin da mai sayarwa ya goga mata.