Shaida ta bidiyo: wa zai yi magana a madadinka ranar da ba ka iya magana?

Sau nawa ka danna "na amince" a wayarka ba ka karanta ko layi ɗaya ba? Buɗe asusun banki, rancen data, sauke sabuwar manhaja, duk da ɗan yatsa ake gamawa. To akwai wata takarda da ko a Amurka, inda kusan komai ya koma intanet, an daɗe ana ɗari-ɗari da barinta ta shiga waya. Ita ce takardar wakilcin jinya, wadda a jihar New York ake kira health care proxy. A cikinta kake rubuta sunan wanda zai yanke shawara da likitoci a madadinka idan ciwo ko hatsari ya kai ka inda ba ka san wanda ke kanka ba: a yi tiyata ko a bari, a saka na'urar numfashi ko a cire.

Na san me za ka ce. Allah Ya kiyaye, ai wannan maganar tsofaffi ce. Amin. Sai dai shari'o'in da suka farkar da Amurkawa kan batun nan na sa'o'inmu ne. Nancy Cruzan tana da shekara 25 ta yi hatsarin mota a jihar Missouri a 1983, ba ta sake farfaɗowa ba, kuma sai da maganarta ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 1990. Terri Schiavo kuwa shekararta 26 zuciyarta ta tsaya a Florida a 1990. Mijinta da iyayenta suka yi shekaru suna kai da komo a kotu kan bututun da ake ba ta abinci, har ta rasu a 2005. A cikin su biyun babu wadda ta bar rubutu kan abin da take so.

New York ta yi tata dokar a 1990, kuma ba ta da wuya. Duk wanda ya kai shekara 18 zai iya naɗa wakili. Ba sai da lauya ba. Abin da ake buƙata shi ne ka sa hannu a gaban manya biyu, su ma su sa hannu cewa sun ga ka yi da son ranka, babu wanda ya tilasta maka. Wanda ka naɗa wakili ba zai zama shaida ba. Ikonsa ma ba ya farawa sai likita ya tabbatar ka daina iya yanke hukunci da kanka.

Shekara talatin abin na tafiya a haka, sai korona ta zo a 2020. Asibitoci suka rufe ƙofa ga masu dubiya. Ga mara lafiya kwance, yana jin numfashinsa na sarƙewa, yana so ya naɗa ƙanwarsa wakiliya kafin a saka masa na'ura, amma ina zai samo shaidu biyu? A watan Afrilun 2020 gwamnan jihar na lokacin, Andrew Cuomo, ya ba da umarnin gaggawa da ya halatta shaida ta bidiyo. Umarnin ya ƙare a watan Yunin 2021, aka koma gidan jiya. Sai a watan Nuwambar 2023 Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu kan dokar da ta mayar da abin na dindindin.

Kada ka ɗauka ɗaukar bidiyo za ka yi ka tura a WhatsApp. Dole ya zama kira ne kai tsaye, shaida na ganinka yana jinka, kai ma haka. Idan bai san ka ba, sai ka nuna masa katin shaida mai hoto a cikin kiran. Bayan ka sa hannu za a aika masa kwafin da ake iya karantawa cikin sa'o'i 24, ya sa hannu a kai ya dawo maka da shi. Wato mara lafiya a Bronx, abokinsa a Buffalo, an gama.

A nan ne mutane ke haɗa abu biyu. Shaida ta bidiyo daban, sa hannu na lantarki daban. Dokar da New York ta yi a 1999 kan sa hannu na lantarki, tun farko ta ware wasiyya da takardar wakilcin jinya ta ce ban da su. Dalilin a fili yake: idan aka yi maka sa hannun bogi a cinikin waya, za ka iya zuwa ka ce ba ni ba ne. Wannan takarda kuwa ranar da za a ɗauko ta ba ka da bakin musantawa.

Ni dai ina goyon bayan shaidar bidiyo, amma da ɗan tsoro a raina. Mu da muke karanta aikin jarida, abin da aka fara koya mana game da kyamara shi ne tana nuna abin da mai riƙe da ita yake so ne kawai. Shaida zai ga fuskar dattijuwa tana sa hannu. Ba zai ga ɗanta da ke tsaye bayan wayar yana zare mata ido ba. Idan wata rana aka nemi ka zama shaida, ka ce a juya kyamara ka ga ɗakin, ka tambayi mai takardar da bakinsa wa ya zaɓa, kuma me ya sa.

To me ya haɗa ka da dokar New York? Wataƙila kana da yaya ko ƙawa a can, don Bronx cike take da Hausawan Ghana da Nijar, ga ɗalibai da ke tafiya karatu. Idan mutum bai naɗa kowa ba, wata dokar jihar ta 2010 ce ke jera wanda za a tuntuɓa: mata ko miji, sai ɗa ko 'ya da suka girma, sai iyaye, sai 'yan'uwa, sai aboki na kusa. Ɗalibin da iyayensa ke Kano ko Kumasi, likita zai nemi Baba a waya da tsakar dare, a yi masa bayanin na'urar numfashi cikin Turancin asibiti. Da takardar, zai iya naɗa kawunsa da ke kusa, wanda zai tsaya gaban likita sannan ya kira gida a yi shawara da Hausa.

Akwai wani sharaɗi ɗaya da ya kamata wanda ke can ya sani. A New York, idan wakilinka bai san ra'ayinka kan abinci da ruwa ta bututu ba, doka ba ta ba shi ikon yanke hukunci a kansu. Saboda haka ake so ka faɗa masa, ko ka rubuta a fom ɗin cewa ya sani. Idan kana so a tuntuɓi malami kafin a cire wata na'ura, akwai gurbin da za ka rubuta hakan. Fom ɗin yana shafin intanet na ma'aikatar lafiyar jihar, kuma kyauta ne.