Mota Ta Koyi Rubutu: To, Na Wane Ne Abin Da Ta Rubuta?

'Yan'uwa fatake, masu lodin shanu daga kasuwannin Nijar da Cadi da Kamaru zuwa kurmi: A wannan fitowa za mu ɗan jingine maganar farashi da ta takardun duwan, mu duba wani al'amari da ya shigo cikin sana'armu ba tare da sallama ba. Wato motocin zamanin nan, manya da ƙanana, suna ɗauke da kwamfutoci masu rubuta yadda aka tuƙa su: gudun da aka yi, sa'ad da aka taka birki, inda aka tsaya, da daɗewar da aka yi a tsaye. A Turai da Amurka an daɗe ana ja-in-ja a kan wanda ya mallaki wannan rubutu da wanda ya halatta ya karanta shi. Tun da yake da yawa daga cikin motocin da muke ɗauka shata daga can suka fito, ta Kwatano ko Lome ko Tema ko Duwala, ashe maganar ta iso ƙofar gidanmu.

Marubuta huɗu a mota guda

Abu na farko da ya kamata mu rarrabe shi ne, na'urorin nan iri-iri ne, kuma kowace da irin abin da take adanawa.

Ta farko ita ce wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Ita ke sarrafa man da ke shiga inji, tana kuma riƙe lissafin awoyin da inji ya yi yana aiki, da kilomitar da aka ci, da duk wata matsala da ta taɓa tasowa. A ƙananan motoci akwai wani soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, nan ne makanike ke jona kwamfutarsa. Amurka ta wajabta shi tun 1996.

Ta biyu ita ce baƙin akwati. Galibi yana haɗe da na'urar da ke fasa jakar iska idan aka yi karo. Mutane da yawa na zaton yana naɗar hirar da ake yi a mota ko yana bin sawun hanya. Ba haka aikinsa yake ba. Yana rubutawa yana sharewa ne a kai a kai, sai an yi karo ko wata mummunar girgiza sa'an nan ya kulle abin da ya faru a 'yan daƙiƙoƙin ƙarshe. Ƙa'idar Amurka da ta fara aiki a Satumbar 2012 ba ta tilasta saka shi ba, amma ta ce duk ƙaramar motar da ke da shi sai ya riƙe abubuwa 15, cikinsu har da gudun mota a daƙiƙa 5 kafin karo, da yadda aka taka totur, da ko an taka birki, da ko direba ya ɗaura bel. Tarayyar Turai kuwa ta wajabta shi a kan duk sabuwar ƙaramar mota daga Yulin 2024, manyan motocin kaya kuma ta sa musu wa'adi zuwa Janairun 2029.

Ta uku ita ce takogiraf, wadda ta fi shafarmu, don tana cikin kan tireloli irin su DAF da MAN da Mercedes da Renault. Dattawan direbobi za su tuna da mai farar takarda zagayayya wadda allura ke zana wa layi. Tun Mayun 2006 Turai ta ce duk sabuwar motar kaya da ta haura tan 3 da rabi sai an sa mata ta kwamfuta. Dalili, a can doka ta hana direba tuƙin fiye da awa 4 da rabi bai huta minti 45 ba. Na'urar na riƙe lissafin tafiya da tsayuwa na kwana 365, da gudun mota daƙiƙa bi daƙiƙa na awa 24 na ƙarshe da aka yi ana tuƙi. Waɗanda aka fara sakawa a Yunin 2019 suna rubuta wurin da aka tashi da wurin da aka sauka, na Agustan 2023 kuma har ƙetare iyaka suke rubutawa da kansu. Idan mota ta zo nan, sau da yawa babu mai kula ta, amma muddin ba a cire ta ko ta lalace ba, tana nan tana aikinta.

Ta huɗu ita ce tiraka, wadda a ƙasashen da ke aiki da Faransanci ake ce wa baliz. Ƙaramar na'ura ce mai GPS da layin waya a ciki, ana ɓoye ta a jikin mota, tana aika wa mai mota inda motarsa take a kowane lokaci, yana kallo a wayarsa. Da yawa daga cikinsu ma ana iya kashe inji da su daga nesa. Sababbin motoci kuwa tun daga masana'anta suke fitowa da irin wannan layi, suna aika labari kai tsaye zuwa ga kamfanin da ya ƙera su. A nan ne rigimar ta fi zafi.

Abin da ya faru a can

A Disambar 2015 Amurka ta yi doka wadda ta ce abin da ke cikin baƙin akwati mallakar mai mota ne, ko wanda ya karɓi hayarta a rubuce. Ba mai ɗiba sai da yardarsa, ko da umarnin kotu, ko don binciken hatsari na hukuma, ko don ceton rai, ko don nazarin kiyaye haɗura ba tare da an bayyana sunan kowa ba. To amma fa wannan doka baƙin akwati kaɗai ta rufe. Labarin da mota ke aikawa ta layin waya ya tsaya a waje.

Ga abin da ya biyo baya. A Maris na 2024 jaridar New York Times ta tona cewa kamfanin General Motors yana miƙa bayanan tuƙin masu motocinsa ga wasu kamfanoni biyu, LexisNexis da Verisk, su kuma su sayar wa kamfanonin inshora. Wani mutum da aka ƙara wa kuɗin inshora kashi 21 cikin 100 ya nemi fayil ɗinsa, sai aka turo masa shafi 258, ɗauke da tafiye-tafiye 640 na wata 6, da lissafin kowane birkin gaggawa. Shi kuwa bai san ana yi ba. Kifi na ganinka, mai jar koma! Kamfanin ya daina a cikin watan, a Janairun 2025 kuma hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sanar da matakin hana shi miƙa irin waɗannan bayanai ga irin waɗancan kamfanoni har shekara 5. Hukumar ta ce akwai motocin da ake ɗaukar wurin da suke a kowace daƙiƙa 3.

Kada a ɗauka kamfani guda ne. A Satumbar 2023 gidauniyar Mozilla ta bincika sharuɗɗan kamfanonin motoci 25, ba ko ɗaya da ya ci jarrabawar kare sirri, kashi 84 cikin 100 kuma sun rubuta cewa suna iya raba bayanan mai mota da wasu. Sa'an nan ko ba a sayar ba, rumbu na iya yoyo. A 2023 Toyota ta amsa cewa bayanan wuraren motocin mutane kimanin miliyan 2 da dubu 150 a Japan sun zauna a buɗe a intanet kusan shekara 10. A Disambar 2024 aka gano irin wannan a motocin lantarki kusan dubu 800 na rukunin Volkswagen. Turai dai ta yi wata sabuwar doka, wadda ta fara aiki ran 12 ga Satumbar 2025, ta ba mai amfani da na'ura haƙƙin karɓar bayanan da na'urarsa ta tara, ya kuma miƙa su ga wanda ya ga dama.

To mu fa, ina muka tsaya?

Ga inda gizo ke saƙar. Dokokin can duk a kan mai mota suke magana. Mu kuwa yawancinmu ba mu da tirela, shata muke ɗauka, da direbanta da yaranta. Mota ta wani ce, tiraka ta wani ce, amma abin da aka rubuta labarin kasuwancinmu ne: a wace kasuwa muka yi lodi, Mai'aduwa ko Illela ko Maigatari ko Mubi, ta wace iyaka muka bi, ina muka kwana, a wace rana muka sauke a Agege ko a Turaku ta Ashaiman. Duk ɗan kasuwa ya san cewa wanda ya san ranar da ka sauke ya san ranar da kuɗi ke jikinka. A irin halin da hanyoyi ke ciki yau, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lambar sirrin tiraka kuwa takan yi yawo, daga wanda ya saka ta, zuwa yaron ofis, zuwa tsohon direban da aka sallama, babu wanda ya tuna ya canza ta.

A ɗaya gefen kuma, wannan rubutu shaida ne da zai iya fid da mu kunya. Kowa ya san irin shari'ar da ake yi idan mota ta isa da shanu a kwance. Direba ya ce lodi ne ya yi yawa, 'yan rakiya su ce gudu ya yi ya taka birki dabbobi suka hau juna, ko kuwa ya tsaya awa 6 cikin rana don wata hidimarsa. A ƙarshe a yi rantse-rantse, a sayar wa mahauta da araha, mai dukiya ya ɗauki asara. Yau kuwa mota da kanta ta san gaskiya. Sai dai in ba a yi sharaɗi tun farko ba, mai mota na iya buɗe littafin idan ya gyara shi, ya rufe idan ya ɓata shi.

Haka nan direba ma yana da haƙƙi. Abin da ake rubutawa aikinsa ne da motsinsa, har da inda ya biya bayan an sauke kaya. Bai dace a ɓoye masa cewa ana bibiyarsa ba.

Ƙasashenmu ba su zauna babu doka ba. Gana ta yi dokar kare bayanan mutane a 2012, Cadi a 2015, Nijar a 2017 ta kuma sabunta ta a Disambar 2022, Nijeriya a Yunin 2023, Kamaru a Disambar 2024. A dunƙule suna cewa ba a tara bayanan mutum sai da dalili na halal, a sanar da shi, kada a yi amfani da su a wata hanya dabam da wadda aka faɗa, kuma yana da ikon neman ganin abin da aka tara a kansa. Amma fa waɗannan dokoki ne na gaba ɗaya, kuma motar da ta ratsa ƙasa uku ta ratsa dokoki uku. Kafin a kai ga hukuma shanu sun riga sun mutu. Saboda haka abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne sharaɗi a bakin mota.

Shawarwarinmu

Tun ran gini, ran zane. Sa'ad da ake cinikin kuɗin mota a gaban ɗan kamasho da shaidu, a tambaya a fili: akwai tiraka a motar nan? Su wane ne ke kallonta? A sa a cikin takardar yarjejeniya cewa idan dabba ta mutu ko aka yi hatsari, za a buɗe rubutun tafiyar a gaban ɓangarorin biyu, kuma ba za a nuna wa kowa hanyar da aka bi ba sai hukuma da takarda.

A tambaya kuma ko motar tana da sauran bashi a kanta, don masu ba da mota biya kaɗan-kaɗan sukan riƙe ikon kashe inji daga nesa. Motar siminti in ta tsaya kwana biyu a daji babu abin da zai sami siminti. Shanu 30 kuwa, ba ruwa ba inuwa, kowa ya san ƙarshensu.

Waɗanda Allah ya hore wa motocin kansu, su sa layin wayar tiraka da sunansu, kada a bar shi da sunan wanda ya saka. Su canza lambar sirri a ranar farko, su sake canzawa duk lokacin da suka rabu da ma'aikaci. Su gaya wa direba gaskiya tun ranar da ya karɓi makulli. Wanda ya sayi mota ta hannu ya sa makaniken da ya amince da shi ya duba ko akwai tsohuwar tiraka a ɓoye, wanda zai sayar kuma ya share lambobi da wuraren da wayarsa ta bari a allon mota.

In hatsari ya auku, Allah ya kiyaye, kada a yi garajen canza ƙwaƙwalwar mota ko takogiraf ko a bari a share su kafin a sasanta, don shaida ke nan ake zubarwa. Takardar inshora ko ta kamfanin tiraka kuma, kada a sa hannu sai wanda ya iya harshen ya karanta, ya nuna sakin layin da ya yi maganar wanda za a ba bayanai.

Muna kira ga shugabannin rassa da su zauna da ƙungiyoyin masu motoci da na direbobi a tashoshin lodi, a fitar da sharaɗi guda wanda kowa zai riƙa amfani da shi, don kada kowane bafatake ya riƙa ja da mai mota shi kaɗai. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan matsala a hanya, ya aiko mana ta hannun sakataren reshensa domin sauran 'yan'uwa su ƙaru.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.