Yaro mai ciwon suga ya faɗi: addu'a a baki, ƙafa a hanya



Mu ɗauka dare ne a mashekari, tsakanin Jibiya da Ɗan Isa. Yaron da ake wa allurar insulin ya wuni bin shanu, bai ci abin kirki ba. Sai ga shi yana gumi, jiki na rawa, yana magana ba kai, can ya fara shure-shure. Uwa ta ɗaga murya da salati, uba ya ce a kira malam, wata tsohuwa ta ce iska ce. Ba wanda zai ga laifin salatin nan. Ina bawa zai kai kuka in ba wurin Mai shi ba? Abin tsoro shi ne a tsaya nan.

Wannan ba iska ba ce, suga ne ya sauka. Allura ta yi aikinta, abinci bai bi baya ba, ga wahalar kiwo, sai ƙwaƙwalwa ta rasa abin ci. In yaron yana iya haɗiya, a jiƙa sukari cokalin shayi uku a ba shi, ko zuma cokali ɗaya, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi. A jira minti 15. In bai dawo daidai ba a ƙara, in ya dawo a bi da fura ko tuwo. Mai na'urar awo ya duba: ƙasa da 70 sauka ce. To, a lura, lissafin ya bambanta. Wata na'urar 3.9 za ta nuna, a takardar likita a Nijar kuma sau da yawa 0,70 za ka gani. Duk abu ɗaya ne.

In kuwa ya suma, kada a ɗura masa komai. Ba ruwa, ba nono, ba rubutu. Wanda ya suma ba ya haɗiya, abin da aka zuba huhu zai wuce, ya shaƙe shi. A kwantar da shi ta gefe, a ɗan shafa zuma a cikin kumatunsa da yatsa, a nemi babur. Tofin da za a yi masa, ai ana iya yi a kan hanya.

Akwai haɗari na biyu, shi a hankali yake zuwa, shi ya sa ya fi yaudara. Suga ne ke hawa saboda insulin ya yi kaɗan: allura ta ƙare, ko ta lalace da zafi, ko an daina yi don yaro na zazzaɓi ba ya cin abinci. Ƙishirwa ba iyaka, fitsari dare da rana, amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, baki na wari kamar 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, sannan barci mai nauyi. Wannan ba a gida ake maganinsa ba, sai ƙarin ruwa da insulin a asibiti. In yana iya sha, a ba shi ruwa zalla kaɗan-kaɗan a hanya. Asibitin da ya fi kusa za a nufa, ko Maraɗi ko Katsina, ba sai na ƙasarka ba. A tafi da katinsa da kwalbar allurarsa.

A nan ne wasu iyaye ke rikicewa. Wani ya ce, "Mun yi sauka, mun yi sadaka, ya ji sauƙi, bari mu ajiye allurar mu gani." Kai malam, kada ka gwada. Irin ciwon sugan da ya fi kama yara, jikin ne ya daina yin insulin gaba ɗaya. Ba maita ba ce, ba kuma don ya sha zaƙi da yawa ba. Kafin 1922, lokacin da aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 wannan allura a Toronto ta Kanada, yaran da ciwon ya kama ba su daɗewa. Sauƙin da ka gani, ta hanyar allurar Allah ya kawo shi. Makiyayi ya fi kowa sanin labarin mutumin da aka ce wa ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya yi tawakkali. Ba mu taɓa ganin wanda ya bar garke ba dabaibayi da dare ya ce imani ne ba.

Azumi ma haka: yaro mai wannan ciwo kada a bar shi ya ɗauka don ganin sa'anninsa, sai an ji ta bakin likita.

Ga masu tafiya, kwalbar insulin ba ta son rana, ba ta son ƙanƙara. A sa ta cikin ƙaramar tukunyar ƙasa, a binne a jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Sukari ƙwaya uku kuma kada ya rabu da aljihun yaron, yayansa da suke kiwo tare ya san amfaninsa.