LITTAFIN DA YA CI KYAUTA A INGILA, YA SHA ALMAKASHI A AMURKA

A ƙasashen Turawa, marubucin da ya gama rubuta littafin hikaya domin samari da 'yan mata, wato masu shekara 12 zuwa 18, da sauran aiki a gabansa sai ya sami kamfanin da zai ɗauki nauyin bugawa. Aikin kan ƙara tsauri idan labarin na ɗauke da ra'ayin nan na masu cewa ɗan Adam na iya zama mutumin kirki da hankalinsa da tausayinsa kawai, ba sai ya jingina da wani addini ba. Mazauna Kudu ba su rasa jin labarin wannan ra'ayi ba, domin shi ne marigayi Tai Solarin, wanda ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne cikin 1956, ya riƙe har ya rasu a 1994.

Dalilin tsaurin kuwa a fili yake. Yaro ne zai karanta, amma kuɗin na hannun iyaye da malaman makaranta da masu kula da ɗakunan karatu. To, kafin kamfani ya zuba jarinsa, sai ya yi lissafin iyaye nawa za su ɓata rai, makarantu nawa kuma za su ƙi saye.

Labarin Baturen nan Philip Pullman ya isa misali. An haife shi a Ingila cikin 1946, kakansa limamin coci ne, shi kuwa ya yi shekaru yana aikin malanta a birnin Oxford. A 1985 maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga masa wani littafin matasa mai suna The Ruby in the Smoke, kuma editan da ya karɓa shi ne David Fickling. Daga baya Fickling ya koma kamfanin Scholastic, a nan kuwa aka buga Northern Lights cikin 1995. Mai karatu ya lura, Pullman bai je da wannan littafi a matsayin baƙo mai ƙwanƙwasa ƙofa ba. Shekara goma ke nan da editan ya san hannunsa, ya kuma san kayansa na shiga kasuwa.

Littafin labarin wata yarinya ce, Lyra, a wata duniya inda wata hukuma mai kama da coci ke riƙe da iko, har ana sace yara da saninta. Na farkon bai fito da manufar ƙarara ba. Sai a na biyu, na 1997, da na uku, The Amber Spyglass na shekarar 2000, aka ga inda aka dosa, domin a can ne wani tsohon mala'ika da ya yi da'awar shi ne mahalicci ya mutu. Kafin nan masu karatu sun riga sun kamu, na farkon ma ya ci lambar Carnegie. Na ukun ya ci babbar kyautar Whitbread ta 2001, karo na farko da littafin yara ya taɓa cinta.

A Amurka kamfanin Knopf ne ya buga, da sunan The Golden Compass, a 1996. Abin mamaki, da aka zo na uku, abin da aka datse a bugun Amurka bai shafi addini ba, 'yan layuka ne da ke bayyana yadda Lyra ta fara jin alamun balaga. Ashe abin da marubuci ke zaton zai tsorata kamfani daban, abin da ke tsorata shi daban.

Rigimar addinin sai da aka yi fim ta taso sosai. A 2007 aka kashe kimanin dala miliyan 180 wajen shirya shi, aka sassauta duk abin da ya shafi coci, amma duk da haka ƙungiyar Catholic League ta Amurka ta yi kira a ƙaurace masa, jaridar fadar Paparoma ita ma ta soke shi. Abin da ya samu a cikin Amurka bai wuce dala miliyan 70 da 'yan kai ba, ba a kuma yi na biyu ba. A ƙarshen wannan shekara wata hukumar makarantun Katolika a lardin Ontario na Kanada ta kwashe littattafan daga ɗakunan karatunta. A 2008 su ne na biyu cikin littattafan da aka fi kai ƙararsu, bisa ga lissafin Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka. Amma ba duka malaman Kirista suka taru a wuri ɗaya ba. Rowan Williams, babban limamin cocin Ingila na lokacin, tun a 2004 ya ce ya dace a yi amfani da su a darasin addini.

To, ina makomar sabon marubuci wanda ba shi da edita irin Fickling? Manyan kamfanonin Landan da New York galibi ba sa duba rubutun da aka aiko kai tsaye, sai ta hannun dillali, wanda kan ɗauki kashi 15 cikin ɗari na abin da marubuci ya samu. Dillali kuwa labari yake nema. Idan ya ga wa'azi ne aka lulluɓe da hikaya, na addini ne ko na rashinsa, sai ya mayar. Akwai ƙananan kamfanoni masu wannan ra'ayi, irin su Prometheus Books da Paul Kurtz ya kafa a 1969, sai dai ƙarfinsu ya fi a littattafan manya na ilmi da muhawara, kuma waɗanda suka riga suka yarda da ra'ayin su ne suka fi saye. Tun 2007 kuma mutum na iya buga abinsa da kansa ta hanyar Amazon, amma da wuya irin wannan littafi ya kai ɗakin karatun makaranta, inda matasan suke.

Hatta Terry Pratchett, da ya fitar da Nation a 2008, labarin yaron da igiyar teku ta shafe mutanen tsibirinsu har ya shiga tuhumar allolin kakanninsa, sai da ya sayar da miliyoyin littattafan barkwanci tukuna.

Fickling dai ya mai da kamfaninsa mai zaman kansa a Oxford cikin 2013, kuma da Pullman ya koma kan labarin Lyra a 2017, sunan wannan kamfani ne a bangon littafin.